Ƙirjin Hidaya: Tantabaruna Ne Ko Turarenta?

Assalamu alaikum Anti Sharifa. Ya aiki, ya jama'a? Allah ya ƙara basira. Don Allah ki taimake ni da shawara. Maganar gidana ce ta kai matsayin da duk wanda na tunkara da ita sai ya zaɓi ɓangare tun kafin in gama bayani. Ke ba ki san ni ba, ba ki san matata ba, kuma na sha karantawa a filin nan cewa kin daɗe kina aikin jinya a ɗakin yara kafin ki ajiye aiki. Shi ya sa na zo gare ki.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Wudil, asalina Kausani. Matata Lubabatu 'yar Indabo ce. 'Ya'yanmu biyu, Jibril mai shekara bakwai da ƙanwarsa Hidaya mai uku da rabi. A kan Hidaya ne maganar, amma sai na fara da Jibril kafin ki fahimci inda na tsaya.

Tun Jibril bai cika shekara ba, duk murar da ta kama shi sai ta sauka a ƙirji. Numfashinsa ya riƙa wani siririn fito, kamar kukan 'yar kyanwa daga nesa. Mu kai shi asibiti a ba shi magani, bayan 'yan kwanaki ya miƙe garau. Daga wannan mura zuwa ta gaba ba ka jin komai a ƙirjinsa, sai ɓarna da guje-guje. Haka aka yi ta yi har ya shiga shekara ta huɗu, abin ya yi ta raguwa, ya ɓace da kansa. Yanzu wuni yake yi yana ƙwallo a ƙofar gida. To da Hidaya ta fara irin wannan fiton, ban ɗaga hankalina ba. Na ce hanyar da yayanta ya bi ce, za ta wuce.

Lubabatu ce ta fara cewa ba iri ɗaya ba ne. Ta ce shi Jibril sai da mura, ita kuwa Hidaya ko hancinta a bushe yake, da ta yi gudu ko ta ƙyalƙyale da dariya sai tari ya biyo baya, daga nan sai fito. Ta ce da asuba ma tana yawan farkawa da busasshen tari. Ni barcina nauyi ne da shi, ban cika ji ba. Akwai kuma wani ƙaiƙayi da yarinyar ke fama da shi tun tana goye, fatar lanƙwasar hannunta da bayan gwiwarta ta bushe ta yi kaushi, amma wannan daban ne, muna shafa mata mai.

Yanzu ga inda rigimar take. Ina kiwon tantabara. Ba sana'a ba ce, gado ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya fara a Kausani, kuma irin nasa ne na taho da su da na tare a Wudil. Ɗakinsu yana ƙarshen tsakar gida, kusa da tagar ɗakin yara, don nan ne kawai ke da fili. Ita kuma Lubabatu tana haɗa turaren wuta tana sayarwa, kuma ta yi suna, amare daga Achika har cikin Kano ana aiko mata. Ranar da take suyar itacen turare da sukari, maƙwabta ma sun san ana yi. Kullum da yamma kuma sai ta zuba garwashi a kasko ta turara ɗakuna. Ita ta ce gashin tantabara da kashinsu ne ke shiga ƙirjin yarinya. Ni na ce hayaƙinta ne. Mun fi wata shida muna wannan musu, ba tare da ɗaga murya ba, don mu ba masu hayaniya ba ne.

Wata Juma'a da ta wuce abin ya zo da ƙarfi. Da safe na share ɗakin tantabara. Da hantsi ita kuma ta ɗora suyar turaren wata amarya. Bayan na dawo daga masallaci yaran suna wasan ɓuya a tsakar gida, Hidaya tana ta dariya, babu mura babu zazzaɓi. Sai kawai na ga ta zauna a bakin rariya ta dafa gwiwoyinta. Na ce mata mene ne, ta ce, "Abba, ƙir..." ba ta iya ƙarasa kalmar ba. Da muka ɗaga rigarta sai muka ga fatar tsakanin haƙarƙarinta tana shigewa ciki duk ta ja numfashi. Na ɗauke su a babur ita da uwarta. Ranar kasuwa ce, titi ya cushe da motocin shanu, sai ta lunguna na bi. A asibiti aka sa mata wata na'ura mai turara magani a hanci da baki, kafin la'asar ta dawo daidai har tana neman a saya mata awara.

Likitan matashi ne, ya yi mana tambayoyi da yawa. Daga ƙarshe ya rubuta abin shaƙa guda biyu, wato inhela, shuɗiya da mai ruwan ƙasa, da wata 'yar gora ta roba mai murfin hanci da baki wadda ake jona su a jiki. Ya ce shuɗiyar sai numfashi ya sarƙe, mai ruwan ƙasar kuwa kullum safe da yamma har wata uku, sannan mu koma. Na tambaye shi kai tsaye, asma ce ko ba asma ba ce? Ya ce alamu sun karkata can, amma a shekarunta ba zai yanke hukunci yanzu ba, sai ya ga yadda maganin ya karɓe ta.

Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba. Ta yaya za a ɗora wa yarinya magani kullum a kan cutar da likitan da kansa bai tabbatar ba? Na kai wa yayana Lukman maganar, ya ce kada in kuskura, inhela in an fara ba a dainawa, ƙirji yakan saba da ita ya zama ba ya aiki sai da ita. Ya ƙara da cewa mace ce, in aka laƙaba mata sunan mai asma tun yanzu, sunan zai bi ta har ranar da za a zo neman aurenta. Na je Kausani na gaya wa Inna, mahaifiyata, ita kuma ta ce ai ni ma haka na yi ta fama da ƙirji har na kusa gama firamare, ga ni kuma da raina da lafiyata, in ban da atishawar da nake jerawa kowace safiya. Wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa cewa abin mai wucewa ne. Sai na bar wa Lubabatu shuɗiyar, na ɗauke mai ruwan ƙasar na kulle a durowata.

Ba ta yi faɗa ba. Ta roƙe ni sau biyu, na ce a dakata tukuna. Bayan 'yan kwanaki ta ce za ta kai yara Indabo su gaida kakanninsu tunda ana hutun makaranta, na ce Allah ya kiyaye hanya. Da na kira ta in ji ranar dawowa sai ta ce, "Abban Jibril, ni ba yaji na yi ba. Amma ba zan mayar da yarinyar nan ƙarƙashin tagar tantabara ba." Yau sati na uku ke nan.

A can ma abin ya tashi sau ɗaya, bai kai na ranar Juma'ar ba, shuɗiyar ta kwantar da shi. Ni na ce to ga shi nan, a Indabo babu tantabara ko ɗaya. Ita ta ce a Indabo babu turarenta ma, ranar dai yarinyar ta zauna kusa da murhun itace ne. Kowa ya ɗauki abin a matsayin shaidarsa. Yanzu an hana Hidaya gudu, an hana Jibril ba ta dariya. Surukina kuwa gaisuwa kawai muke yi a waya, amma na san ransa ba daɗi.

Anti, ina son ki gaya mini gaskiya. Shin abin da ke damun Hidaya shi ne wanda Jibril ya yi, ko daban ne? In daban ne, ta yaya uba zai gane? Tsakanin tantabara da turare wanne ne mai laifi? Kuma maganar Yaya Lukman a kan inhela haka take? Ba na son in rabu da abin da mahaifina ya bar mini a kan zato, ba na kuma son gidana ya ci gaba da zama haka. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Baban Jibril, Wudil.

*

Wa alaikumus salam Baban Jibril. Allah ya ba Hidaya lafiya.

Zan fara da abin da ba ya jira. Ka buɗe durowar nan ka ɗauko maganin, gobe ka kai shi Indabo tare da gorar robar in tana wurinka. Yarinyar da ta taɓa kasa ƙarasa kalma saboda numfashi tana ƙauye yanzu, nesa da asibiti, da rabin abin da likita ya rubuta mata. Sauran maganganun duk za su iya biyo baya.

Tambayarka ta farko tambaya ce mai kyau, kuma ba laifinka ba ne da ka auna Hidaya da yayanta, kowane uba haka zai yi. Sai dai fiton ƙirji a ƙananan yara ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda mura ce kaɗai ke kawo shi. Hanyoyin iska a huhun ƙaramin yaro sirara ne, da mura ta kumbura su sai iska ta riƙa fita da ƙara. Mura na tafiya sai yaro ya koma lafiya ƙalau, kuma yawancin irin waɗannan yara suna rabuwa da abin kafin su shiga firamare ko jim kaɗan bayan haka, saboda hanyoyin sun ƙara faɗi. Yadda ka kwatanta Jibril, wannan ne nasa.

Akwai kuma wanda ba ya jiran mura. Gudu yana tayar da shi, dariya ko kuka mai yawa, hayaƙi, ƙamshi mai ƙarfi, iska mai sanyi, gashin dabba ko na tsuntsu. Yaro yakan yi busasshen tari cikin barci ko da asuba alhali hancinsa a bushe. Wannan shi ne ya fi kusa da asma, musamman in yaron yana da ƙaiƙayin fata irin wanda ka ce daban ne, ko kuma ɗaya daga cikin iyayensa ya yi ciwon ƙirji ko yana da yawan atishawa. Ƙaiƙayin nan ba daban ba ne, 'yan gida ɗaya ne da asma. Labarin da Inna ta ba ka kuma, wanda ya kwantar maka da hankali, in likita ya ji shi zai ƙara karkata ne zuwa ga abin da yake zato. Ka gaya masa in kun koma. Ni ban ga Hidaya ba, ba zan laƙaba mata suna daga nan ba, amma abin da Lubabatu ta lura da shi daidai ne, nata bai yi kama da na Jibril ba.

Tunda ka tambayi yadda uba zai gane, ka riƙe wannan. Ba kowace ƙara ce fito ba. Fito siriri ne, daga cikin ƙirji yake, kuma an fi jin sa lokacin da yaro ke fitar da numfashi. In ƙarar mai kauri ce kamar ruwa na motsi, galibi majina ce a hanci ko maƙogwaro. In kuma ƙara ce mai kaushi lokacin jan numfashi ciki, da tari mai kama da haushi, matsalar a maƙogwaro take, maganinta daban. Fiton da ya zo farat ɗaya bayan yaro ya ƙware da gyaɗa ko wani ƙaramin abu, wannan asibiti ake nufa nan take ko da ya lafa, don abin yana iya maƙalewa a huhu. Zazzaɓi mai zafi da saurin numfashi kuma a duba limoniya. Yaron da ba ya ƙiba, ko yake tari mai majina sati da sati, shi ma bincikensa daban ne. Duk ranar da ƙirjin Hidaya ya tashi, bayan an ba ta magani, ɗayanku ya ɗauki hoton bidiyo a waya a nuna wa likita. Sau da yawa kafin a isa gabansa ƙarar ta tafi.

Likitanku bai yi maka rowar amsa ba, gaskiya ya gaya maka. Gwajin da ake tabbatar da asma da shi yana bukatar mutum ya hura iska da ƙarfi cikin na'ura yadda aka umarce shi, kuma yaro ƙasa da shekara biyar ba ya iyawa. Don haka a shekarun Hidaya ana dogara ne da labarin da iyaye suka bayar, sannan a ba da maganin kariya na 'yan watanni a ga abin da zai faru. In tarin asuba ya tsaya, ta yi gudu ba fito, sannan aka janye magani abin ya dawo, to an sami amsa. In bai canza komai ba, sai a nemi wani dalilin. Wato watanni ukun nan su ne gwajin da kake nema, kuma shi ne ka kulle a durowa. In kun koma ka faɗa wa likita ainihin ranar da aka fara, kada ya yi lissafi a kan kuskure.

Maganar Yaya Lukman na sha jin ta a bakin iyaye masu ƙaunar 'ya'yansu, amma ba haka take ba. Inhela ba ta kama jiki, ba ta kuma kashe ƙirji. Shuɗiyar tana buɗe hanyar iska ne lokacin da ta tsuke, aikinta na ɗan lokaci ne. Mai ruwan ƙasar ita ke kwantar da kumburin da ke ciki a hankali, ba a ganin aikinta rana ɗaya, kuma sai an ba da ita kullum ko da yarinya lafiyarta ƙalau. Maganin da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai, kuma huhu yake zuwa kai tsaye. A riƙa amfani da gorar nan kowane lokaci, a goge mata fuska a ba ta ruwa ta kurkure baki bayan an gama. Yara da yawa ana rage musu har a daina in sun samu sauƙi, amma likita ne ke ragewa. Batun masu neman aure kuwa, akwai shekaru masu yawa a gaba, kuma mace mai asma da ke kan magani tana karatu, tana aure, tana haihuwa kamar kowa.

Sai tantabara da turare. Kana son in zaɓi ɗaya, ba zan zaɓa ba, don ƙirji irin na Hidaya ba abu ɗaya ke tayar da shi ba. Hayaƙi kowane iri yana takura huhun yaro, na turare ne, na itace ne, ko na maganin sauro na kunnawa, a wannan babu shakka, kuma ya kamata Lubabatu ta ji wannan kamar yadda kai ma za ka ji naka. Garin gashin tsuntsu da busasshen kashinsa a ƙarƙashin tagar da yarinya ke kwana shi ma ba abin da zan bari ba ne. Ranar Juma'ar nan duka biyun ta shaƙa, sannan ta yi gudu a kai. Abin da ya faru a Indabo bai wanke kowa ba, ya nuna dai barin gida ba magani ba ne.

Don haka ku janye duka biyun lokaci ɗaya, tsawon watannin gwajin. Ban ce ka sayar ko ka yanka ba. Ka mayar da tantabarun Kausani wurin Inna, ka riƙa zuwa kana duba su, in ka dawo ka canza kaya ka wanke hannu kafin ka ɗauki yarinya. A wanke wurin da suka zauna da ruwa, ranar da ba ta gida. Ita kuma Lubabatu ta nemi inda za ta riƙa suyarta a wajen gidan, ta daina turara ɗakuna, ta ajiye kayan sayarwa a rufe. Sana'arta ba za ta mutu ba, gadonka ma haka. Bayan an ga likita sai ku san abin da zai iya dawowa da inda za a ajiye shi. Kai ka fara, tunda kai ka riƙe maganin. Zai yi mata wuya ta ƙi nata bayan ta ga ka yi naka.

Ita ma Lubabatu tana da nata laifin. Tafiya da sunan gaisuwa sannan a ƙi dawowa ba hanya ba ce, kuma ta ga gashin tsuntsu ta kasa ganin hayaƙin kaskonta. Amma ka tuna sau biyu ta roƙe ka kafin ta tafi, kuma tsoro ne ya tafi da ita.

A daina hana Hidaya wasa. Manufar magani ita ce ta yi gudu ta yi dariya kamar sauran yara, in har sai an zaunar da ita sannan take lafiya, to maganin bai kai ba tukuna, a koma wa likita. Kuma duk wanda ke zama da ita, har kakanninta, ya san alamun da ba a jira da su: fatar haƙarƙari ko ta ƙasan wuya tana shigewa, ta kasa magana ko shan ruwa, leɓɓanta su sauya launi, jikinta ya saki, ko a ba ta shuɗiyar yadda likita ya ce amma ba sauƙi. A nan ana ci gaba da ba ta shuɗiyar ne a kan hanya ana tafiya asibiti. Ba a tsayawa kemis, ba a tsayawa jiƙa wani abu.

In ka isa Indabo kada ka buɗe baki da maganar komawa gida. Ka gaida surukanka yadda ya kamata, ka miƙa wa Lubabatu maganin a hannunta, ka ce ta nuna maka yadda ake jona gorar, ka ba yarinyar da kanka. Sannan ka ɗora ta a cinya, ka sa kunnenka a bayanta ka saurari numfashinta tana lafiya, don ka san shi, ranar da ya canza kada sai an gaya maka. Maganar komawa za ta zo da kanta.

Allah ya ba Hidaya lafiya mai ɗorewa, ya raya ta da yayanta, ya jiƙan mahaifinka, ya daidaita tsakaninka da iyalinka.

Anti Sharifa.